Awon dacewar jini: abin da ake dubawa kafin a ƙara wa marar lafiya jini

Ƙarin jini yana cikin ayyukan da ke ceton rai kullum a asibitocin Nijar. Waɗanda suka fi buƙatarsa su ne yara ƙanana da masassarar cizon sauro ta shanye wa jini, musamman daga tsakiyar damana zuwa kaka, da matan da jini ya ɓalle wa wajen haihuwa, da masu amosanin jini, sai kuma waɗanda suka yi hatsari a hanya. Amma jinin da ya ceci wani yana iya kashe wani, idan bai dace da jikinsa ba. Shi ya sa tsakanin lokacin da likita ya rubuta takardar neman jini da lokacin da aka rataya ledar a gefen gado ake bin jerin awo da bincike. Dangin marar lafiya sukan ɗauki wannan jira a matsayin sakacin ma'aikata, alhali kowane mataki yana toshe wata ƙofa ce da kuskure ke iya shigowa ta nan.

Me ke sa jini ya ƙi jini?

Jikin babban mutum yana ɗauke da jini kimanin lita 5. Kusan rabinsa ruwa ne mai launin ɗorawa da ake kira palasma, sauran kuma ƙwayoyi ne, mafi yawansu jajaye, waɗanda ke kai iskar numfashi ga sassan jiki. A bayan kowace jar ƙwaya akwai wasu tambura da mutum ya gada daga uwa da uba, kamar shaidar da makiyayi ke yi wa dabbobinsa. Likitoci suna kiransu antijan. A cikin palasma kuma akwai dakarun kariya, wato antikor, waɗanda aikinsu shi ne kai wa duk baƙon tambari hari.

Idan aka zuba wa mutum jajayen ƙwayoyi masu tambarin da dakarunsa suke gaba da shi, sai dakarun su manne musu, su dunƙule su, su fasa su a cikin jijiya. Abin da ya fashe yana lahanta ƙoda, hawan jini ya faɗi, jini ya daina daskarewa yadda ya kamata. Ƴan mililita kaɗan sun isa su tayar da wannan rikici, kuma yana iya kai wa ga mutuwa cikin awoyi. Duk awon dacewa yana neman amsar tambaya ɗaya ce: shin a cikin palasmar wannan marar lafiya akwai dakarun da za su far wa ƙwayoyin da ke cikin wannan leda?

Rukunan A, B, AB da O

Tsarin da ya fi kowane hatsari shi ne na ABO. Mai rukunin A yana da tambarin A a ƙwayoyinsa, da dakarun da ke gaba da B a palasmarsa. Mai rukunin B yana da tambarin B da dakarun da ke gaba da A. Mai AB yana da tambura biyun, ba shi da ɗaya daga cikin dakarun. Mai O ba shi da tambarin A ko na B, amma yana da dakarun duka biyu.

Abin da ya sa tsarin ABO ya fi tsanani shi ne waɗannan dakaru ba sa jiran a taɓa ƙara wa mutum jini. Suna bayyana da kansu tun jariri yana da ƴan watanni a duniya. Saboda haka kuskure na farko ma yana iya zama na ƙarshe.

A wajen jajayen ƙwayoyi, ƙa'idar ita ce:

– mai O yana karɓa daga O kaɗai;
– mai A yana karɓa daga A ko O;
– mai B yana karɓa daga B ko O;
– mai AB yana karɓa daga kowane rukuni.

A wajen palasma lissafin yana juyawa: palasmar mai AB ce ta dace da kowa, tunda babu dakarun A ko B a cikinta. Wannan bambanci yana da muhimmanci a asibitocin Afrika da dama, inda har yanzu ake ba da jini ɗungurungum ba tare da an raba ƙwayoyi da ruwansu ba. Ledar O ɗungurungum tana tafe da dakarun da ke gaba da A da B, don haka in akwai hali an fi so a ba kowa jinin rukuninsa.

Rezus: alamar ƙari da ta ragi

Alamar + ko − da ake gani bayan harafin rukuni tana nuna wani tambari dabam mai suna D, na tsarin rezus. Mai shi ana ce masa rezus pozitif, wanda ba shi da shi rezus negatif. A Turai kimanin mutum 15 cikin 100 ne negatif. A Afrika ta yamma ba su kai 10 cikin 100 ba, kuma wannan ne ya sa samun irin jininsu yake da wuya a ma'ajiyar jini.

Mai rezus negatif ba a haife shi da dakarun da ke gaba da D ba. Jikinsa yana ƙera su ne bayan ya haɗu da jini pozitif, ko ta ƙarin jini ko ta juna biyu. Mace negatif da ta ɗauki cikin ɗa pozitif, jinin ɗan yakan ɗan shiga nata, musamman wajen haihuwa ko ɓari. Cikin farko galibi yakan zo lafiya. A ciki na gaba kuwa dakarun da ta ƙera suna ratsa mabiyiya su lalata ƙwayoyin ɗan tayin, a haife shi da shawara mai tsanani da ƙarancin jini, ko ya mutu a ciki. Tun ƙarshen shekarun 1960 akwai allurar anti-D da ake yi wa uwa cikin awa 72 bayan haihuwa don hana haka. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ake duba rukunin jini a awon ciki, kuma ake kauce wa ba yarinya ko mace mai shekarun haihuwa jini pozitif idan ita negatif ce.

Bayan ABO da rezus, masana sun gano wasu tsare-tsaren rukunin jini fiye da 40. Waɗanda aka fi kula da su a wajen ƙarin jini sun haɗa da Kell, Duffy, Kidd da MNS. Mutum biyu suna iya zama O+ su duka, amma su bambanta a waɗannan. Ga misali, yawancin mutanen Afrika ta yamma ba su da tamburan Duffy a jajayen ƙwayoyinsu, abin da ke ba su kariya daga wani nau'in ƙwayar masassara mai suna Plasmodium vivax, alhali kusan duk Turawa suna da su.

Yadda aka kai ga gano haka

A 1667 wani likitan Faransa, Jean-Baptiste Denis, ya zuba wa mutane jinin ɗan rago da na maraƙi. Ɗaya daga cikinsu ya yi baƙin fitsari, daga baya ya mutu, kuma ba a jima ba aka hana wannan aiki a Faransa. A farkon ƙarni na 19 likitan mata James Blundell, a birnin Landan, ya gwada jinin mutum zuwa mutum ga matan da suka zubar da jini wajen haihuwa. Wasu suka rayu, wasu suka mutu, ba wanda ya san dalili.

Amsar ta fito daga birnin Viyena na ƙasar Ostiriya. A 1901 Karl Landsteiner ya haɗa ƙwayoyi da ruwan jinin abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ga wasu suna dunƙulewa wasu ba sa yi, ya fitar da rukuni uku. A 1902 Alfred von Decastello da Adriano Sturli suka gano na huɗu, wato AB. A 1907 Reuben Ottenberg, a birnin Niyok, ya fara gwada jinin mai bayarwa da na mai karɓa kafin a ƙara. Landsteiner ya samu kyautar Nobel a 1930, kuma ranar haihuwarsa, 14 ga watan Yuni, ita ce aka mayar ranar masu ba da jini ta duniya.

A 1939 Philip Levine da Rufus Stetson suka ba da bayanin wata mata a Amurka da ɗanta ya mutu a ciki, aka ƙara mata jinin mijinta. Su biyun rukunin O ne, amma jikinta ya ƙi jinin da ƙarfi. Cikin da ta ɗauka ne ya koya wa jikinta gaba da wani tambari da ɗan ya gada daga ubansa. A 1940 Landsteiner da Alexander Wiener, daga gwajin da suka yi da jinin wani biri da ake kira rezus, suka ba tsarin sunan da ake amfani da shi har yau. A 1945 kuma, a Ingila, Robin Coombs da Arthur Mourant da Robert Race suka fito da awon da ke bankaɗo dakarun da suka manne wa ƙwayoyi ba tare da sun dunƙule su a fili ba. Shi ne awon Coombs da ake ji a bakin ma'aikatan labo.

Matakan awo ɗaya bayan ɗaya

Mataki na farko shi ne ɗibar jinin marar lafiya. Ana tambayarsa sunansa da na mahaifinsa da shekarunsa, ko a tambayi mai jinyarsa, sannan a rubuta a jikin kwalbar nan take, a gaban gadon. A ƙasashen da ake ƙidayar hatsarin ƙarin jini, an ga cewa yawancin kuskuren ABO daga ruɗanin suna yake fitowa: an ɗebi jinin wani an rubuta sunan wani, ko an rataya wa wani ledar maƙwabcinsa. A Nijar wannan hatsari yana da ƙarin dalili. Ɗaki ɗaya na matarnite yana iya haɗa Hadiza uku, kuma mutane da yawa ba su da takamaimiyar ranar haihuwa a takardunsu, sai dai shekara. Lambar dosiye da sunan gari ko unguwa su ne ke raba gardama.

Mataki na biyu shi ne tantance rukuni, kuma ta hanya biyu ake yin sa. A awon Beth-Vincent, ana ɗiga jinin marar lafiya a kan faranti a gauraya shi da ruwan awo: anti-A mai launin shuɗi, anti-B mai launin ɗorawa, da anti-D don rezus. Inda jinin ya yi gudaji kamar kindirmon da ya tsinke, tambarin yana nan. A awon Simonin kuma ana ɗaukar palasmarsa a haɗa da ƙwayoyin A da na B da aka riga aka sani. Dole sakamakon biyu su yi daidai. In suka saɓa, ba a yanke hukunci sai an gano dalili. A tsarin Faransa, wanda ƙasashe da dama masu amfani da Faransanci suka ɗauka, ba a ɗaukar katin rukuni a matsayin cikakke sai an auna sau biyu daga ɗiba biyu dabam-dabam.

Mataki na uku shi ne neman ɓoyayyun dakaru, wanda ake taƙaita sunansa da RAI. Ana haɗa palasmar marar lafiya da wasu ƙwayoyin O da aka san duk tamburansu, a ga ko akwai dakarun da ke gaba da Kell, Kidd, Duffy ko sauran tamburan rezus. Wannan awo ya fi muhimmanci ga wanda aka taɓa ƙara wa jini da macen da ta taɓa ɗaukar ciki. Sakamakonsa bisa ƙa'ida kwana 3 yake aiki, domin jiki yana iya ƙera sabbin dakaru bayan kowane ƙari. Shi ya sa ake sake ɗibar jinin mutumin da aka ƙara wa makon jiya.

Mataki na huɗu shi ne gwajin haɗawa kai tsaye. Ana yanko ɗan guntun tiyo da ke maƙale da ledar da aka zaɓa, a ɗauki ƙwayoyin ciki a haɗa da palasmar marar lafiya, a ajiye a zafin digiri 37, wato zafin jikin mutum, sannan a yi awon Coombs. In babu dunƙulewa ko fashewa, sai a manna wa ledar sunan marar lafiyar. Ana yin sa a cikin kwalabe, ko a cikin wasu katunan roba masu ɗauke da wani abu mai kauri kamar ƙaro, dabarar da Yves Lapierre ya ƙirƙiro a Faransa a shekarun 1980. Cikakken gwajin yakan ci minti 45 zuwa awa ɗaya. A ƙananan asibitoci inda babu kayan RAI, wannan gwaji shi ne babban abin dogaro.

Mataki na biyar ana yin sa ne a bakin gado. Ma'aikacin da zai rataya jinin yana sake tambayar suna, ya kwatanta da takarda da abin da ke rubuce a leda, ya duba ranar lalacewa, ya duba ko ledar ta huje ko launinta ya sauya. Sannan ya ɗiga jinin marar lafiya da na ledar a kan wani kati mai anti-A da anti-B. Idan jinin ledar ya dunƙule a gurbin da na marar lafiya bai dunƙule ba, ba a ƙara shi. Wannan awo ABO kawai yake gani, amma shi ne shinge na ƙarshe, kuma wanda zai sa jinin da hannunsa ne ya wajaba ya yi shi.

Bayan an buɗe tiyo

Ana ajiye jini a firijo na musamman tsakanin digiri 2 da 6, na tsawon kwana 35 zuwa 42 gwargwadon ruwan da ke cikin ledar. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, tana ba da shawarar a fara ƙarin cikin minti 30 da fitowar leda daga sanyi, a gama cikin awa 4. Ba a ɗumama leda a rana ko a ruwan zafi, domin zafi yana fasa ƙwayoyin tun kafin su shiga jiki.

Minti 15 na farko su ne aka fi sa ido. Alamun da ke nuna jiki ya ƙi jinin su ne zazzaɓi, makyarkyata, ciwon ƙugu ko ƙirji, sarƙewar numfashi, firgita, da fitsari ja ko baƙi. Ga yaro ƙarami, kuka ko rashin natsuwa na farat ɗaya yana iya zama alamar farko. Da an ga haka ana tsayar da jinin nan take, a bar allurar a jijiya don ƙarin ruwa, a mayar da ledar labo tare da sabon ɗiban jini. Akwai kuma ƙin da ke zuwa a makare, bayan kwanaki ko mako biyu, mutum yana gida: idanu su yi ɗorawa, kasala ta dawo, fitsari ya yi duhu. Wanda ya ga haka ya kamata ya koma asibiti ya faɗa cewa an ƙara masa jini.

Lokacin gaggawa

Macen da jini ke kwarara mata bayan haihuwa ba ta da awa ɗaya ta jira. A irin wannan hali likita yana iya ba da jajayen ƙwayoyin O negatif kafin awo ya kammala. Inda babu su, ana amfani da O pozitif ga maza da matan da suka wuce haihuwa, har ma ga kowa idan rai ne ke shirin fita. Duk da haka ana ɗibar jinin awo kafin a rataya ledar farko, domin bayan an gauraya shi da na wani karanta rukuni yakan yi wuya. Awon bakin gado kuma ba a tsallake shi ko a gaggawa.

Jinin miji da na dangi

A asibitoci da yawa ana neman dangi su ba da jini idan nasu ya kwanta. Sau da yawa jinin nasu maye gurbi yake yi a ma'ajiya, marar lafiyar kuma a ba shi wata ledar da aka riga aka auna. Wasu sukan ji haushin haka, suna ganin jinin ɗan'uwa ya fi na bare. Amma uwa ɗaya uba ɗaya ba ya tabbatar da rukuni ɗaya: uba A da uwa B suna iya haifar ƴaƴa na rukuni huɗun duka. Jinin miji kuwa likitoci suna kauce wa ba matar da za ta sake haihuwa, saboda irin abin da ya faru da matar da Levine da Stetson suka bayyana: jikinta yana iya ƙera dakarun da za su far wa ƴaƴan da za su gaji tamburan ubansu.

Ban da dacewa, kowace leda tana bin wani awo dabam, na cututtuka. OMS ta ce a auna duk jinin da aka bayar don sida, ciwon hanta nau'in B da na C, da tunjere. Ledar da ta faɗi a ɗaya daga cikinsu ana lalata ta, ko ta wane ce.

Masu amosanin jini da jarirai

Mai amosanin jini yana iya karɓar jini sau da yawa a rayuwarsa, kuma kowace leda tana kawo masa baƙin tambura. Da tafiya ta yi nisa jikinsa yakan tara dakaru iri-iri, har samun jinin da ya dace ya zama aiki. Shawarar masana ita ce a tantance cikakken rukuninsa tun kafin ƙarin farko, a riƙa daidaita tamburan C da E na rezus da K na Kell, a kuma rubuta duk wani antikor da aka taɓa gani a littafinsa. Wasu dakarun, irin na Kidd, sukan ɓuya har awo ya kasa ganinsu, sai an sake ƙara jinin su taso. A nan tsohuwar takarda ta fi sabon awo amfani.

Jaririn da bai kai wata 4 ba dakarun da ke jikinsa na uwarsa ne. Shi ya sa idan za a ƙara masa jini ake ɗibar na uwar ma, a zaɓi ledar da ta dace da su biyun.

Abin da ya rage ga jama'a

A Nijar cibiyar ƙasa ta ƙarin jini, CNTS, da ke Yamai ce ke jagorancin tattara jini da awonsa, tare da cibiyoyin jahohi, CRTS, irin na Maradi da Damagaram, da ma'ajiyoyin da ke cikin asibitoci. Ƙarfin awon dacewa ya danganta da yawan abin da ke cikin firijo: labo mai leda ashirin yana da zaɓi, mai leda biyu ba shi da shi. Babban mutum mai lafiya, ɗan shekara 18 zuwa sama, mai nauyin kilo 50 aƙalla, yana iya ba da kimanin mililita 450, namiji bayan kowane wata 3, mace bayan wata 4. Masu rezus negatif, saboda ƙarancinsu, ya fi kyau cibiyar jaharsu ta san da su tun kafin buƙata ta taso.

Mai jinya ma yana da nasa aiki. Ya faɗi cikakken sunan marar lafiya kamar yadda yake a takarda, ba laƙabi ba, duk lokacin da aka tambaya, ko sau nawa ne. Ya faɗa idan an taɓa ƙara masa jini da abin da ya biyo baya. Ga mace, a faɗi yawan ciki da ɓari da ƴaƴan da aka haifa da shawara. A zo da katin rukuni, amma kada a yi mamaki idan labo ya sake aunawa, domin kati yana iya zama na wani ko an rubuta shi da kuskure. A kuma zauna kusa da gadon a minti 15 na farko, a kira ma'aikaci da zarar an ga wata alama.